Yarinyar Da Aka Ce Ta Rasu A Hanyar Makka

Akwai wani yini guda a rayuwata da na tabbata ko ruɗewar tsufa ta zo mini, shi ne zai zama na ƙarshen fita daga kaina. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi. A Makka abin ya faru, a unguwar Mansur, cikin wani ɗan falo da ake sayar da tuwo.

Sai na fara ba ku labarin gidanmu kafin ku gane abin da ya same ni. Ni malamar tarihi ce, na daɗe ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a garinmu. Darasin da na fi ƙauna shi ne na sauye-sauyen farkon ƙarnin da ya wuce, lokacin da aka kafa dokar hana saye da sayar da bayi, aka kuma ce duk wanda aka haifa daga nan gaba ɗa ne, ba mai ikon mallakarsa. Nakan ba ɗalibaina labarin yadda bayi suka riƙa zuwa gaban alƙalai neman fansar kansu, da yadda wasu malamai suka fito suka ce da yawa daga waɗanda ake bautarwa Musulmi ne da aka kamo ba bisa shari'a ba, da kuma yadda wasu masu hali suka yi ta 'yan dabaru don kada abin hannunsu ya kuɓuce. Duk shekara in na kawo nan sai in rufe littafi in ce, "Bari in ba ku misali daga gidanmu."

Misalin kuwa kakana ne, mahaifin babana, wanda ban riske shi da rai ba. Attajiri ne mai sana'ar rini, marinarsa tana bayan gidanmu, har yau ramukan suna nan sun cike da ƙasa. Labarin da muka tashi da shi shi ne, tun kafin a matsa wa kowa, ya tara bayinsa a zaure bayan sallar Juma'a ya ce ya 'yanta su don Allah, ya yanka musu fili a gefen gidansa. Jikokinsu su ne maƙwabtanmu har gobe, katanga ɗaya ta raba mu, bikinsu bikinmu, mutuwarsu mutuwarmu. Bayan wasu shekaru ya tashi tafiya hajji a ƙasa tare da kakata. Sai ya roƙi ɗaya daga cikin matan da ya 'yanta ta ba shi 'yarta, yarinyar da aka haifa bayan dokar, don ta taya kakata hidima a hanya, ita ma ta sami ladan hajji. Uwar ta ba shi da murna. Da ya dawo bayan shekaru, babu yarinyar. Ya ce zazzaɓi ya kama ta, ta rasu, sun binne ta a wani ƙauye kafin su kai bakin teku. An ce da kansa ya shiga wurin uwar ya yi mata gaisuwa yana hawaye. Har wannan nakan faɗa wa ɗalibai, don su ga irin tausayinsa.

To, shekarar da na je umara, bayan kwana biyar cikina ya gaji da shinkafa da kaza. Abokiyar ɗakina, wadda ta saba zuwa, ta ce in shirya bayan azahar ta kai ni inda zan ci tuwo kamar a gida. Muka hau tasi zuwa Mansur. Da muka sauka na zaci wata unguwa ce ta garinmu aka ɗauko aka ajiye. Ko'ina Hausa ke tashi, ga masu goro, ga mai kilishi, ga mata sun baje kuka da daddawa a bakin shaguna. Ta nuna mini wani bene, ta ce in hau hawa na biyu, ita za ta leƙa shagunan abaya ta dawo ta same ni.

Matar da ta buɗe mini ƙofa za ta yi sa'ata. Hausarta a cakuɗe take da Larabci, irin ta haifaffun can.

"Tafaddali, Hajiya, shigo. Masa dai halas, ta ƙare. Akwai tuwon shinkafa da miyar kuka."

Na zauna a kan darduma aka kawo mini. A kusurwar falon akwai wata tsohuwa zaune a kan katifa, ta miƙe ƙafafu tana tsinke zogale a tire. Mahaifiyar mai tuwon ce. Na gaishe ta, ta amsa, amma ba ta ɗauke ido daga kaina ba. Na yi loma uku ko huɗu tana kallona, har na fara tsarguwa.

Can sai ta ce, "'Yar nan, matso in ga fuskarki."

Na matsa. Ina da 'yar tsaga a gefen baki, ta gidanmu, wadda a kanmu aka daina yin ta. Tsohuwar ta sa yatsa ta shafa ta, ta ce, "Innata tana da irin wannan. Daga wane gari kike?"

Na faɗa mata. Ta tambayi unguwa, na faɗa. Sai ta ture tiren zogalen gefe.

"A unguwar nan akwai gidan da marina take bayansa, da rijiya a cikin zaure na biyu?"

Wallahi daɗi ne ya kama ni. Na yi dariya na ce, "Inna, ai gidanmu kike faɗa! Yaushe kika je garinmu?"

Ta ce, "Ban taɓa taka ƙasar Hausa ba. A nan aka haife ni." Daga nan sai ta kira sunan kakana, ta haɗa da wani laƙabi nasa da in ba ɗan gida ba, ba wanda ya san shi. Ta ce, "Mene ne tsakaninki da shi?"

Har yau ina jin kunyar yadda na gyara zama kafin in amsa. Na ce, "Kakana ne. Ai sananne ne a garinmu, shi ne ya fara 'yanta bayinsa tun kafin..."

Ba ta bari na ƙarasa ba. Ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta ce, "Shi ya sayar da uwata."

Hannuna yana cikin kwano, da loma a ciki. Na kasa kai ta baki, na kasa ajiye ta. Na ji maganar sarai, amma kaina ya ƙi ɗaukarta, kamar da wani yare ta yi. Mai tuwon ta fito daga kicin da sauri tana cewa, "Ummi, halas, don Allah ki bar baƙuwa ta ci abincinta."

Tsohuwar ta ɗaga mata hannu. "Yi mini shiru. Tun ina budurwa nake jiran wani daga gidan mutumin nan ya shigo inda nake."

Na tattara ɗan ƙarfin da ya rage mini na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ina ga kin haɗa shi da wani ne. Yarinya ɗaya ya taho da ita, ita kuwa Allah ya yi mata rasuwa a hanya."

Ta dube ni ta ce, "Haka ya gaya muku?"

Sai ta kira sunan yarinyar. Ta kira sunan uwar yarinyar, ta kira na yayan yarinyar namiji. Sunan yarinyar nan suna ne da maƙwabtanmu ba sa rabuwa da shi, kowane ɗaki sai ka sami mai shi, don tunawa da 'yar'uwarsu da ta rasu a hanyar ɗakin Allah. Ni kaina na halarci sunan biyu daga cikinsu.

Tsohuwar ta ba ni labarin kamar yadda uwarta ta ba ta, tana yi tana saka Larabci in Hausar ta ƙwace mata. Yarinyar ba ta yi wani zazzaɓi ba. Lafiya lau ta ƙetare teku, ta yi ɗawafi, ta tsaya Arfa tare da su. Bayan an gama hajji guzurinsu ya ƙare, ga doguwar hanya a gaba. Wata safiya kakana ya saya mata sabon mayafi, ya riƙe hannunta ya kai ta gidan wani ɗan kasuwa. Ya ce ta zauna nan ta taya matar gidan aiki, za su je Madina ziyara, in sun dawo za su biyo su ɗauke ta. Ta ce har kanta ya dafa ya sa mata albarka.

Ta zauna tana jira. Duk sanda ta sami sarari sai ta je bakin ƙofa ta tsaya tana duban masu wucewa. Da watanni suka ja, ta ɗan fara jin Larabci, sai rannan ta ɗaure 'yan kayanta ta ce wa uwargidan za ta fita neman ubangidanta, kada wani abu ne ya same su. Matar ta yi mamaki, ta ce, "Wane ubangida? Ai mu ne iyayen gijinki. Sayen ki muka yi."

"Shekarunta ba su fi goma sha biyu ba," in ji tsohuwar. "Kuma ita ba baiwa ba ce. Ɗiya aka haife ta. Ta gaya musu, ta yi kuka, ta yi rantsuwa. Wa zai saurare ta? A can ƙasarku an hana ciniki, a nan ba a hana ba tukuna. Ya san haka, shi ya sa ya taho da ita."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi dukana, don na san ta. Na karanta a littattafai cewa bayan dokar wasu sun riƙa fakewa da hajji suna fita da yara da sunan 'ya'yansu ko 'yan rakiya. Na sha rubuta haka a allo da hannuna. Ko sau ɗaya bai taɓa zuwa mini a rai in haɗa shi da yarinyar gidanmu ba. Na tuna 'yan matan da suka zauna a gabana shekara da shekaru ina yi musu yabon mutumin nan, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yarinyar ta yi shekaru masu yawa a gidan. Sai da maigidan ya zo mutuwa ya 'yanta ta, ta auri wani Bahaushe mai ɗebo wa mutane ruwa, ta haifi wannan tsohuwar da ke gabana. Duk lokacin hajji takan bi masaukan alhazan ƙasarmu tana tambayar ko akwai ɗan garinsu. Sau ɗaya ta dace da wani, ta ba shi saƙo zuwa ga uwarta. Amsa ba ta taɓa zuwa ba.

Da tsohuwar ta kai nan sai ta kama hannuna na hagu ta riƙe. Na zaci tsinuwa za ta biyo baya, kuma da ta yi, ba ni da bakin cewa komai. Sai ta ce, "'Yata, ba ke kika yi ba. Abu ɗaya nake so ki gaya mini tsakaninki da Allah. Kakata, uwar innata, da saninta aka yi?"

Na ce, "Wallahi Inna ba ta sani ba. Ce mata aka yi ta rasu. An yi zaman makoki, an yi sadaka. Har yau jikokinta suna sa wa 'ya'yansu sunan mahaifiyarki."

Tsohuwar ta saki hannuna ta rufe fuska da mayafi. Kukan da ta yi ba mai sauti ba ne, kafaɗunta kawai ke rawa. Can ta ce, "Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Innata ta mutu tana zaton uwarta ce ta yarda aka rabu da ita. Kullum cewa take, in ba da yardarta ba, me ya hana ta aiko?"

'Yarta ta durƙusa ta rungume ta, ni ma na fashe da kuka. A haka abokiyar ɗakina ta shigo da ledojin abaya ta same mu, ta tsaya sororo tana tambayar wa ya mutu.

Da la'asar na shiga Harami. Tun daga gida na ƙudurta zan yi wa kakana ɗawafi na musamman. Na tsaya ina duban Ka'aba, na buɗe baki in ambaci sunansa, harshena ya yi nauyi. Abin da nake gani kawai shi ne yarinya da sabon mayafi a bakin wata ƙofa, wataƙila ba nisa da inda nake tsaye. Duk da haka wani ɓangare na zuciyata yana ta neman mafita, yana cewa ko dai akwai kuskure. Na fito farfajiya na kira gwaggona, ƙanwar babana, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakana.

Bayan mun gaisa na ce, "Gwaggo, yau na haɗu da wata tsohuwa a nan. Ta ce ita 'yar yarinyar nan ce da aka ce ta rasu a hanyar hajji."

Na jira ta yi salati, ko ta ce ƙarya ce, ko ta yi mini faɗa. Sai na ji ta ce a hankali, "Ashe ta bar baya."

Na zauna a kan tayil ɗin nan mai sanyi. Na ce, "Gwaggo, kun sani?"

Ta ce kakata ce ta gaya mata a ciwon ajalinta, ta ce abin ya hana ta sukuni duk rayuwarta. Ta kuma ce tana budurwa wani alhaji ya taɓa yin sallama a ƙofar gida da saƙo daga Makka, yana neman wata mata. Babana da yayansa ne suka fita, suka ce masa ya yi ɓatan kai, babu mai wannan suna a unguwar. A lokacin kuwa matar, wato uwar yarinyar, tana da rai, tana bayan katanga.

Babana. Mutumin da ya koya mini karatu, wanda ya fara ba ni labarin 'yanta bayi ina zaune a cinyarsa.

Gwaggo ta ce, "Ke dai ki rufa mana asiri. Duk waɗanda abin ya shafa sun mutu. Me za a fasa, me za a gyara?"

Na ce, "Ba duka suka mutu ba, Gwaggo. Yanzu na baro ɗaya tana kuka."

Kafin in bar Makka na koma Mansur sau biyu, na karɓi lambar mai tuwon. Tsohuwar ba ta roƙe ni komai ba, ta dai ce in na ga danginta in gaishe su. Na dawo gida na yi mako biyu ina juya abin. Na san in na faɗa, 'yan'uwana ba za su yafe mini da wuri ba. Kullum kuma sai na haɗu da maƙwabtan nan sun zo yi mini barka da dawowa, ina miƙa musu dabino da zamzam ina kauce wa idonsu.

Ranar da na kasa jurewa, na shiga gidansu da hantsi wurin dattijon gidan, wanda muke kira Baba. Shi ɗan yayan yarinyar ne. Na same shi a inuwa yana sauraron rediyo. Na durƙusa na ce, "Baba, na zo muku da magana mai nauyi, kuma daga gidanmu laifin yake." Na faɗa masa komai, ban rage ko na babana ba.

Ya kashe rediyon. Abin da ya ce shi ne, "Kakata har ta koma ga Allah, ba ta taɓa yin sallar da ba ta yi wa kakanki addu'a ba. Cewa take shi ya yi wa 'yarta sutura a baƙuwar ƙasa."

Bayan wani lokaci ya ce, "Kina da hanyar da zan ji muryarta?"

Na kira Makka ta bidiyo. Mai tuwon ta kai wa uwarta wayar. Tsofaffin nan biyu suka tsaya suna kallon juna. Sai ita ta ce, "Kai ne ɗan kawuna?" Ya ce, "Ni ne. Ashe kina nan." Na ajiye masa wayar a hannu na fita, don maganar ba tawa ba ce.

Abin bai ƙare da daɗi ta kowane gefe ba. Gwaggo ta rasu ba ta sake sakar mini fuska ba. Wasu cikin 'yan'uwana har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, suna ganin na tona asirin matattu. Maƙwabtanmu ba su yi rigima ba, amma sun ɗan ja jiki, kuma ban ga laifinsu ba. Shekarar da ta biyo baya 'yar Baba, ɗaya daga cikin masu sunan, ta je umara ta sauka a gidan tsohuwar, suka yi kwanaki tare. Bayan 'yan watanni tsohuwar ta rasu. Shi kuwa kakana, yanzu nakan roƙa masa gafara, don na ga ya fi buƙatarta fiye da yabon da muka yi ta yi masa.

Abin da na koya shi ne, ana iya sauya doka a yini ɗaya, mutum ya bi ta a gaban jama'a har a yaba masa, alhali zuciyarsa tana nan inda take, tana jiran wurin da ba mai ganinsa. Na kuma gane cewa labarin da muke gada a gidajenmu, waɗanda suka dawo ne suka ba da shi. Tun daga ranar, duk labarin alherin da aka ba ni na wani babba, ko na gidanmu ne, nakan tambaya a ji ta bakin waɗanda aka ce an yi wa alherin. In kuwa aka ce ba sa nan, sai in tambaya ina suka tafi, kuma wa ya ga tafiyarsu.